DABAIBAYIN MOTA: Bayani a kan Na'urar Hana Inji Tashi, da Yadda Ake Gyaranta ko Sake Ta

1.0 Gabatarwa

Ma'aikacin da ya mallaki mota a Nijeriya cikin shekarun 1970, watau zamanin da kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antarsa ta Kaduna a 1975 ya shiga harhaɗa 404 da 504, abu uku kaɗai ya sani masu hana mota tashi: ko dai batir ya yi sanyi, ko mai ba ya zuwa kafireta, ko kuwa wuta ba ta kaiwa ga filogi. In makulli ya ɓace sai a je kasuwa a yanko wani. In hakan ya faskara, mai wayarin ya haɗa waya biyu, yara su tura, mota ta tashi. Amma wannan sauƙi da mai mota ya samu, shi ne kuma sauƙin da ɓarawo ya samu, gama dabarar da mai wayarin ya yi da rana ita ɓarawo yake yi da dare.

Motar zamanin nan dabam take. Mutum na iya fitowa da safe zai tafi ofis, batir da ƙarfinsa, tanki da mai, ya murɗa makulli inji ya yi ta juyawa amma ya ƙi kamawa, wata 'yar fitila mai hoton makulli tana ta ƙyaftawa a gaban sitiyari. Babu abin da ya sami injin. Motar ce ba ta amince da makullin da aka sa mata ba, saboda haka ta hana kanta mai da wuta. Na'urar da ke wannan aiki ita makanikai ke kira imobilaiza, ma'anar kalmar kuwa ita ce abin da ke hana motsi. In za a laƙaba mata suna na Hausa, babu wanda ya dace da ita kamar dabaibayi. Jakin da aka yi wa dabaibayi lafiyarsa ƙalau, ƙafarsa ba ta karye ba, amma ba ya zuwa ko'ina sai mai shi ya zo ya kwance shi.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa dabaibayin mota ba wani ƙarfe guda ba ne da za a kwance a ɗaura wani in ya lalace, kamar yadda ake yi wa fanfon ruwa ko filogi. Yarjejeniya ce tsakanin waɗansu sassa da suka san juna, suka kuma riƙe asiri ɗaya. Duk mai motar da bai gane wannan ba, yana iya ɓarnatar da kuɗi masu yawa wajen sayen kayan da ba su ne suka lalace ba, ko kuwa ya yarda a raba motarsa da tsaronta baki ɗaya ba tare da ya san abin da ya rasa ba.

2.0 Asalin Na'urar

Tunanin hana mota tashi ta hanyar lantarki ya daɗe, domin tun cikin 1919 aka yi wa wata dabara irin wannan rajista a Amurka, wadda sai direba ya saita waɗansu maɓallai bisa tsarin da shi kaɗai ya sani kafin wuta ta kai ga inji. Abin bai yaɗu ba a lokacin. Cikin 1986 kamfanin General Motors ya fito da wani makulli domin motarsa Corvette, wanda aka dasa wa 'yar baƙar ƙwaya a jikin ƙarfensa. Aikin ƙwayar shi ne ta rage ƙarfin wutar da ke bi ta cikinta da wani gwargwado sananne. Mota takan auna, in gwargwadon ya yi daidai ta tashi, in bai yi ba ta kulle kanta na waɗansu mintoci. Raunin wannan tsari shi ne ƙwayoyin iri 15 ne kacal, don haka ɓarawo mai haƙuri yana iya gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Irin wadda ta game duniya yanzu daga Turai ta bunƙasa. Bayan rushewar katangar Balin cikin 1989 da buɗewar iyakokin Gabashin Turai, satar mota ta yi ƙamari a Jamus, ana tsallakawa da motocin zuwa gabas. Waɗanda hasarar ta fi faɗa wa su ne kamfanonin inshora, su ne kuwa suka matsa wa masu ƙera motoci lamba su samo tsaron da ba ya bukatar direba ya tuna da kunna shi. Cikin 1995 Tarayyar Turai ta zartar da doka a kan haka, daga watan Oktoba na 1998 kuma ya zama wajibi kowace sabuwar motar shiga da za a sayar a ƙasashen Tarayyar ta zo da dabaibayi. Ostareliya ta bi sahu cikin 2001, Kanada cikin 2007. Amurka ba ta wajabta ba, ko da yake yawancin kamfanonin da ke sayar da mota a can sun sa shi don kansu.

Wannan tarihi ya shafi mai mota na Kano ko Maraɗi kai tsaye, domin akasarin motocin da ke kan hanyoyin Nijeriya da Nijar na hannu ne, an shigo da su daga Turai da Amurka ta tashoshin Kwatano da Legas. Tsaron da aka ƙera domin maganin ɓarayin Jamus yana biyo motar duk inda ta je. Abin da sau da yawa ba ya biyo ta shi ne makulli na biyu, da katin lambar asiri da aka ba mai ita na farko. Daga nan wahalar mai ita na biyu take farawa.

3.0 Sassan Dabaibayi

Sassa huɗu ne ke wannan aiki. Na farko shi ne ƙwayar makulli, wadda makanikai ke kira cif. Tana ɓoye cikin baƙar robar da ke kan makulli, wani lokaci cikin 'yar kwalba da ta ɗara ƙwayar shinkafa kaɗan, wani lokaci kuma kamar ɗan gutsuren gawayi. Ba ta da batir. Ya kamata a lura da wannan sosai, domin mutane da yawa suna zaton batirin da ke cikin makulli shi ke tayar da mota. Wancan batir na buɗe ƙofofi ne daga nesa. Yana iya mutuwa mota ta ci gaba da tashi, yana kuma iya zama sabo mota ta ƙi tashi.

Na biyu shi ne zoben waya, watau siririyar wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe cikin roba aka kewaye ramin makulli da ita. Shi ne bakin mota da kunnenta wajen magana da ƙwayar.

Na uku shi ne akwatin dabaibayi, inda aka ajiye lambobin makullan da motar ta sani. Mazauninsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. A waɗansu motocin Toyota ɗan akwati ne mai zaman kansa a bayan dashbod, a waɗansu tsofaffin kuma yana cikin ƙwaƙwalwar inji. A Golf 4 ta Volkswagen yana cikin allon mita ne, tare da agogon gudu. A Peugeot 206 da 307 da 406 ta baya-baya yana cikin babban akwatin da ake kira BSI, wanda kuma shi ke lura da fitilu da waifa da makullan ƙofa.

Na huɗu shi ne ƙwaƙwalwar inji, wadda ake kira birenbos a gareji. Ita ke ba nozil umurnin fesa mai, ita ke ba kwayil umurnin aika wuta ga filogi. Tun da motar zamani ba ta da kafireta, in ƙwaƙwalwa ta yi shiru babu wata waya da za a haɗa ta maye gurbinta, turi kuma ba ya amfani.

4.0 Yadda Take Aiki

Sa'ad da aka murɗa makulli, zoben waya yakan fitar da ƙarfin maganaɗisu mai kaɗawa kamar sau 125,000 cikin sakan ɗaya. Ƙwayar makulli tana da tata 'yar wayar nannaɗaɗɗiya a ciki, wadda ke mayar da wannan ƙarfi ya zama wuta 'yar kaɗan, daidai wadda za ta ishe ta ta farka ta ba da amsa. Ƙarfin ba ya wuce 'yan santimita, shi ya sa dole ƙwayar ta zo dab da zoben.

A motocin farko, amsar lamba ɗaya ce tak wadda ba ta sakewa, saboda haka wanda ya karanta ta sau ɗaya yana iya kwafe ta a wata ƙwayar. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka koma ga tsarin tambaya da amsa. Alal misali, a ce akwati da ƙwaya sun yi yarjejeniya a asirce cewa duk lambar da aka faɗa za a riɓanya ta sau 3 a ƙara 7. Yau akwati ya ce 5, ƙwaya ta ce 22. Gobe ya ce 12, ta ce 43. Mai laɓe da ya ji 22 jiya, ba za ta amfane shi yau ba, domin tambayar ta sake. Lissafin gaskiya ya fi wannan wuya nesa ba kusa ba, amma tushensa ke nan: asirin kansa ba ya fita waje, amsarsa kaɗai ake ji.

In akwati ya gamsu da ƙwaya, saura mataki na biyu. Sai shi kuma ya gabatar da kansa ga ƙwaƙwalwar inji da wata lambar da suka yi tarayya a kanta, ita ma ta gamsu da shi, sa'an nan ta saki mai da wuta. Dukan wannan yakan ƙare kafin direba ya gama murɗa makulli.

Abin da za a riƙe daga wannan bayani shi ne, asirin yana ajiye a wuri uku: cikin ƙwaya, da cikin akwati, da cikin ƙwaƙwalwa. Zoben waya, a yawancin motoci, ɗan aike ne kawai, bai san kome ba. Saboda haka ana iya sake zobe kamar yadda ake sake kowane kaya, amma duk wanda aka sake cikin sauran ukun baƙo ne, sauran biyun ba za su saurare shi ba sai an gabatar da shi gare su. Wannan gabatarwa ita ake kira furogiramin.

5.0 Alamomin Matsala da Dalilanta

Kowane kamfani da irin alamarsa. A Honda koriyar fitila mai hoton makulli takan yi ta ƙyaftawa maimakon ta mutu. A Toyota jar fitilar tsaro, wadda ya kamata ta daina ƙyaftawa da zarar an zura makulli, sai ta ci gaba, inji yana juyawa ba ya kamawa. A Volkswagen inji yakan tashi sarai, bayan sakan ɗaya ko biyu ya mutu. A waɗansu motocin kuma ko juyawar ma ba a samu. Akwai abu ɗaya da ya kamata ya kwantar da hankalin mai mota: dabaibayi a lokacin tashi yake bincike. Motar da ta mutu tana cikin tafiya a kan hanya, galibi wani wuri za a nemi ciwonta, kamar fanfon mai ko na'urar da ke auna juyawar inji.

Dalilan matsala kuwa, in aka jera su daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, akwatin da ake yawan zargi shi ne na ƙarshe. Na farko raunin batirin mota. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 in mota tana kashe. In ya yi rauni, sa'ad da kik ya ja wuta sai ƙarfin ya faɗi ƙasa da abin da ƙananan kwamfutocin mota ke bukata, maganar da suke yi da juna ta yanke a tsakiya.

Na biyu makullin kansa. Robar kansa takan tsage don tsufa, ƙwayar ta faɗi ba a sani ba. Wani kuma yakan sayi sabuwar roba a mayar masa da ƙarfen makullin ciki, a jefar da tsohuwar tare da ƙwayar. Wani yakan yanko makulli a kasuwa, ya buɗe ƙofa da shi, ya murɗa, amma mota ta ƙi tashi domin ƙarfe ne zalla. Har ila yau, in aka haɗa makullan mota biyu masu ƙwaya a zobe ɗaya, duka biyun suna iya amsawa lokaci guda su rikita akwatin. Littattafan da ke zuwa da motoci suna yin gargaɗi a kan wannan.

Na uku zoben waya da wayoyin da ke haɗa sassan. Wayar zoben siririya ce ƙwarai, tana iya tsinkewa sa'ad da ake gyaran ramin makulli. Ƙura da laima suna sa bakin soket ya yi tsatsa, ɓera yana cin waya, masu sa ƙararrawar tsaro ko na'urar bin sawun mota kuma sukan yanka wayoyi su ɗaure su da salatif.

Na huɗu akwatin kansa ko ƙwaƙwalwa. Ba kasafai suke mutuwa haka kawai ba, akan kashe su ne. Abubuwan da ke kashe su sanannu ne a kowane gareji: ruwan damina da ya sami hanya ta ƙarƙashin gilashi, da wanke inji da ruwa mai ƙarfi, da jona batir a juye, da yin walda a jikin mota ba a cire kan batir ba, da kuma tsohuwar al'adar cire kan batir inji yana aiki don a ga ko caja tana caji. Wannan gwaji bai dami 504 ba sosai, amma a motar da ke cike da kwamfutoci yana iya aika musu da wutar da ta fi ƙarfinsu.

6.0 Bincike Kafin Gyara

Likitan kirki ba ya fiɗa kafin awo. Haka nan ƙwararren mai wayarin yakan fara da abin da ba ya cin kuɗi. Zai auna batir ya duba kawunansa, ya duba fiyus-fiyus, ya raba makullin da sauran tarkacen da ke rataye da shi. Sa'an nan zai tambayi makulli na biyu. Wannan shi ne gwajin da ya fi kowane sauƙi da amfani: in na biyun ya tayar da mota, laifin na makullin farko ne, magana ta ƙare. In duka biyun sun kasa, da wuya a ce sun lalace rana ɗaya, sai a koma ga zobe da wayoyi da akwati.

Bayan wannan sai a jona kwamfutar gwaji. Akwai soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari ko kusa da shi, wanda aka wajabta a motocin Amurka tun 1996, a motocin fetur na Turai kuma tun 2001. Ta nan mota ke faɗin ciwonta da lambobi. Lamba P0513, alal misali, tana nufin ƙwaƙwalwa ta ga makullin da ba ta sani ba. Lamba B2799 a Toyota tana nufin akwati da ƙwaƙwalwa ba su fahimci juna ba. Amma lamba ishara ce kawai. Rashin fahimtar yana iya zama daga waya guda da ta tsinke, wadda gyaranta bai kai awa ɗaya ba, yana kuma iya zama don an sa wa motar ƙwaƙwalwar wata motar. Saboda haka dole a bi wayoyin da mita, a tabbatar wuta tana shiga akwatin, a kuma gwada ko zoben yana fitar da ƙarfinsa, kafin a yanke hukunci cewa akwati ya mutu.

Haƙƙin mai mota ne ya tambayi mai gyara waɗanne lambobi kwamfuta ta nuna, ya rubuta su, ya kuma tambaya da wace hujja aka ɗora wa akwatin laifi. Wanda ya ce a sayo birenbos tun bai auna batir ba, caca yake yi da kuɗin wani.

7.0 Gyara da Sauyi

In makulli ne, akan sayo sabuwar ƙwaya irin ta motar, a gabatar da ita ga akwatin. Kowane kamfani da sharaɗinsa. Peugeot tana bukatar lambar asiri mai harafi ko alƙalami 4, wadda aka rubuta a wani kati da aka ba mai sayen farko. A motocin Ford da yawa, wanda ke da makullai biyu masu aiki yana iya ƙara na uku da kansa, amma mai guda ɗaya sai da kwamfuta. Toyota tana da babban makulli, galibi baƙi, da ƙarami mai ruwan toka. Ƙaramin yana tayar da mota amma a tsofaffin motocin ba a iya rajistar wani da shi. Mutum na iya shekara yana tuƙi da ƙaramin bai sani ba, sai ranar da ya nemi ƙari. In dukan makullai suka ɓace, aikin ya zama babba, domin a waɗansu motocin sai an kwance dashbod an ciro akwatin. Ya kamata kuma duk lokacin da makulli ya ɓace a sa a goge lambarsa daga akwatin, don kada wanda ya tsince shi ya zo wata rana ya tafi da motar.

In akwatin ne ya lalace, hanyoyi huɗu ne. Ta farko a gyara shi. Sau da yawa ciwon bai wuce dalmar da ta saki ba, ko layin da tsatsa ta cinye, ko wani ɗan ƙaramin kaya da ya ƙone, mai gyaran lantarki mai hannu yana iya mayar da shi. Wannan ita ce hanya mafi kyau in ta yiwu, domin asirin motar yana nan yadda yake.

Ta biyu a sayi sabon akwati wanda bai taɓa zama a wata mota ba, a gabatar da shi ga ƙwaƙwalwa, a sake rajistar dukan makullai. Ita ce mafi tabbas, ita ce kuma mafi tsada. A sababbin motoci na waɗansu kamfanoni, aikin ba ya yiwuwa sai kwamfutar gareji ta sadu da ta kamfanin ta intanet.

Ta uku a sayi akwati na hannu. A nan ne aka fi yin kuskure. Akwatin da aka ciro daga wata mota yana ɗauke da asirin waccan motar, in aka ɗaura shi haka nan tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Asirin yana cikin wata 'yar ma'ajiya mai ƙafa 8 a kan allon akwatin, wadda ba ta mantuwa ko an cire batir. Mai gyara zai karanta abin da ke cikin ta tsohon akwatin ya zuba a ta wanda aka sayo, ko kuwa ya wanke wanda aka sayo ya koma kamar sabo, sa'an nan ya yi furogiramin. Wajibi ne lambar da ke jikin akwatunan biyu ta zama ɗaya, domin kamannin waje ba ya isa. Wajibi ne kuma a adana kwafin abin da aka karanta kafin a taɓa kome, don in aiki ya ɓaci a sami wurin komawa. Saboda wannan, kada mai mota ya yarda a jefar da tsohon akwati ko da ya ƙone.

Ta huɗu a sayi cikakken saiti daga mota ɗaya: ƙwaƙwalwa da akwati da ƙwayar makulli. Tun da sun riga sun san juna, mota takan tashi ba tare da furogiramin ba, shi ya sa 'yan kasuwar kayan gyara suka fi tallata wannan hanya. Amma tana da illa. Saitin yana iya zuwa da lambar shasin wata motar da adadin tafiyarta, abin da zai iya jawo tambaya ranar sayarwa. Yana iya zama na injin da ya bambanta da na motar kaɗan, ta riƙa shan mai ko tana tuntuɓe. Bugu da ƙari, mai saye bai san ko daga motar da ta yi haɗari aka ciro shi ko daga ta sata ba, don haka ya nemi rasit.

A duk waɗannan ayyuka, mai gyara na gaskiya zai nemi ganin takardun mota kafin ya yi wa wanda ya ce ya ɓatar da makullansa sabo. Bai kamata mai mota ya ji haushin wannan ba, domin wanda ya yi masa ba tambaya zai yi wa ɓarawon motarsa ma ba tambaya.

8.0 Batun Cire Dabaibayi Baki Ɗaya

Akwai hanya ta biyar wadda ta fi duka araha, watau a kashe tsaron. Waɗansu sukan manna ƙwayar a jikin zoben har abada, waɗansu kuma su sake rubuta ƙwaƙwalwa ta daina tambaya. Mota za ta tashi, amma ta koma zamanin 504: duk ƙarfen da ya murɗa ramin makulli ya isa.

Masu goyon bayan wannan sukan ce ai ɓarayi sun riga sun gane kan na'urar. Akwai gaskiya a ciki. Cikin 2005 masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun warware asirin wata ƙwaya da ke cikin miliyoyin motoci. Cikin 2012 masana daga Jami'ar Radboud ta Holan sun nuna ana iya warware wata mai suna Hitag2 cikin minti 6. Binciken da suka yi a kan wata kuma, Megamos, kotun Ingila ta hana buga shi cikin 2013 bisa ƙarar Volkswagen, bai fito ba sai 2015. Wannan ya sa kamfanoni suka koma ga lissafi mai ƙarfi a motocin baya.

Amma tambayar da ta dace ita ce, mene ne bambanci tsakanin mota mai dabaibayi da marar shi? Masana tattalin arziki biyu, Jan van Ours da Ben Vollaard, sun yi nazarin satar mota a Holan, cikin 2016 suka buga sakamakon cewa na'urar ta rage satar da kimanin kashi 40 cikin 100 tsakanin 1995 da 2008. Abin da ya faru a Amurka ya ƙara tabbatar da haka. Cikin motocin ƙirar 2015, kashi 26 cikin 100 kaɗai na samfuran Hyundai da Kia ke zuwa da dabaibayi, alhali na sauran kamfanoni kashi 96 ne. Daga 2021, samari a birnin Milwoki suka gano haka, suka yaɗa dabarar ta TikTok, satar waɗannan motoci ta bazu a biranen ƙasar. Cikin 2023 kamfanonin biyu suka fito da gyara kyauta, suka kuma amince da biyan diyyar da ta kai kimanin dala miliyan 200. Duk wanda zai sayi irin waɗannan motoci na hannu daga Amurka, ƙirar 2011 zuwa 2021 masu makullin murɗawa, ya kyautu ya bincika ko tasa tana da na'urar.

Darasin a fili yake. Dabaibayi bai gagari ƙwararren ɓarawo mai kayan aiki ba, amma ya fitar da ɗimbin ƙananan ɓarayi daga sana'ar, waɗanda jarinsu sukundireba ne da ƙarfin hali. Wanda ya cire shi don ya tsira da kuɗin gyara, garin neman gira yana iya rasa ido.

9.0 Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa dabaibayin mota sassa huɗu ne, uku daga cikinsu suna riƙe da asiri ɗaya, kuma gyaransa ya rataya ne a kan gano wanda ya daina amsawa da mayar da shi cikin yarjejeniyar. Abin da ya rage ga mai mota kaɗan ne, amma a lokacin da mota take lafiya ake yinsa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar ciniki ya tambayi makulli na biyu da katin lambar asiri, ya gwada kowane makulli ya ga ya tayar da inji, ba buɗe ƙofa kaɗai ba. In guda ɗaya aka ba shi, ya yi na biyu tun na farkon yana hannunsa, ya ajiye a gida tare da takardun mota. Ya kula da batir, ya hana a yi walda ko a cire kan batir da ka. In kuwa fitilar makulli ta fara ƙyaftawa, ya nemi wanda zai auna kafin ya kwance.

Ga ɗalibai masu koyon aikin injiniya da makarantun koyon sana'a kuma akwai aiki a gaba. Garejin da ya ƙware a kafireta da sifana yana bukatar wanda ya iya karanta taswirar wayoyi da sarrafa kwamfuta, gama in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.